Kwamfuta ɗaya a gida: fayil, fina-finai da Minecraft, za ta ɗauka?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Akwai kwamfuta HP EliteDesk 800 G4 irin SFF, wato mai ƙaramin akwati, ta hannu, firosesa i5-8500, RAM 16GB, da SSD na NVMe mai 256GB. So nake ta yi aiki uku: ta riƙe takardu da hotunan gida kowa ya samu daga kwamfutarsa, ta riƙa ba talabijin biyu da wayoyi fina-finai da karatuttukan malamai, sannan ta ɗauki sabar wasan Minecraft ta yara, su shida zuwa takwas, wasu a gida wasu a wani gari. Za ta iya, ko sai na raba su?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Za ta iya, har da rara. Ayyukan nan uku ba abu ɗaya suke ci ba. Sabar fayil faifai da waya take so, firosesa kuwa ko a jikinta. Sabar fim, matuƙar talabijin ya gane tsarin fayil ɗin, miƙa masa kawai take yi, daidai da sabar fayil. Sai ranar da bai gane ba take juya bidiyon, kuma wannan aikin akwai sashensa daban a cikin i5-8500, wato Quick Sync na UHD 630. Minecraft shi ne mai son firosesa, amma kusan duk nauyin duniyar wasan a kan ƙwaya ɗaya yake tafiya, kai kuma shida gare ka. Wuri biyu za su yi karo, RAM da faifai. Ka raba musu waɗannan tun farko, shi ke nan.

Ka sa Debian ko Ubuntu Server 24.04 a kan SSD, ba tare da fuskar tebur ba. Samba, manhajar raba fayil, kai tsaye a kan tsarin. Jellyfin, manhajar ba da fim, da Minecraft kowanne a kwantenarsa ta Docker, wato keɓaɓɓen wurin da manhaja take gudana ita kaɗai.

Mai Gyara:
Alhaji ka yi dace da akwati. Wannan samfurin yana da gurbin babban faifai mai inci 3.5 guda biyu da ramin RAM huɗu. Dell OptiPlex mai irin girmansa gurbi ɗaya gare shi. Sai dai ka nemi sukurorin HP masu zoben roba, da su faifan yake zamewa cikin gurbinsa ya kama. Masu sayarwa sukan cire su. In babu su faifan zai zauna yana rawa, kuma girgiza tana rage masa kwana.

Wajen sayen faifai ka tabbata CMR ne, ba SMR ba. SMR yana jera layukan rubutu wani kan wani, in aka matsa masa da dogon rubutu sai gudunsa ya faɗi warwas, musamman ranar da ake sake gina madubi, wato faifai biyu masu riƙe abu iri ɗaya, bayan ɗaya ya mutu. WD Red Plus da Seagate IronWolf CMR ne. In na hannu za ka saya, a Beirut Road ne ko ina ne, kada ka biya sai an jona shi ka duba da smartctl -a. Lamba 5, da 197, da 198, masu ƙirga wuraren da suka lalace a faifan, su zama sifili. Lamba 9 ita ce awoyin da ya yi yana aiki, amma ana iya goge ta, don haka faifan da kwalinsa ya nuna shekara shida kuma ya ce awa 20 ya yi, ajiye musu abinsu. Ka kai gida ka yi masa smartctl -t long kafin ka zuba komai. Mai 4TB yakan ci wajen awa takwas.

Ɗan Damagaram:
Ban yarda da Injiniya a kan tsarin ba. Proxmox ya kamata a sa, tsarin da ke raba kwamfuta ɗaya ta zama kamar kwamfutoci da yawa, kowacce ana kiranta VM. Sabar wasa ita ce za ta fuskanci mutanen waje, kuma Java ce, ana loda mata ƙare-ƙaren da ba a san wanda ya rubuta su ba. Kun tuna Log4Shell a Disambar 2021? Saƙo ɗaya a akwatin hirar wasan ya isa a sa saba ta gudanar da umarnin baƙo. Kwantenar Docker ƙwayar tsarin aiki ɗaya take rabawa da kwamfutar da ke ɗauke da ita. Ta yaya za a ajiye wannan gefe ɗaya da takardun gida? A Proxmox sai a ba Minecraft VM nasa, ko an fasa shi iyakarsa nan.

Injiniya:
Maganarka tana kan hanya, amma ka duba kuɗinta. VM yana kama RAM ɗin da aka ba shi ya riƙe, ga nauyin tsarin aiki na biyu. A 16GB wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan ga batun Quick Sync. In ka miƙa sashen hoton ga VM ɗaya, ya zama nasa shi kaɗai. In ka ce a LXC, wato kwantenar Proxmox, za ka sa Jellyfin, sai ka zauna daidaita lambobin masu amfani tsakanin ciki da waje kafin ya iya karanta foldar da Samba ta rubuta. Wanda ya saba ba zai ji komai ba. Wanda yau ya fara, nan zai kwana uku yana fama da saƙon an hana izini.

Kwantenar da ba ta gudana a matsayin root, ba a jona mata kowace folda ba sai tata, kuma ba a buɗe ta ga duniya ba, ta wadatar wa yara takwas da aka san iyayensu.

Ɗan Damagaram:
Sharaɗinka na ƙarshe shi ne maganar. In ba za a buɗe ƙofa ba, na sassauta. Ranar da aka ce za a buɗe 25565, ƙofar da ake shiga sabar Minecraft ta intanet, ga kowa, ina nan a kan VM, ko ma wata kwamfutar daban.

Maman Ilham:
Kafin ku yi nisa da batun buɗe ƙofa, ku tambayi mai gida wane intanet gare shi. Baban Hanif, layin waya ne a rauta, ko Starlink, ko faiba?

Baban Hanif:
Rauta ce mai sim, Hajiya. 4G.

Maman Ilham:
To ai babu ƙofar da za ka iya buɗewa ma. Layukan waya suna tara dubban mutane a bayan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT, haka ma ƙaramin tsarin Starlink na gida. Ka shiga shafin rautar ka duba adireshin WAN. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko kuma ya bambanta da wanda shafukan duba adireshi suke nuna maka, to kana bayansa. Duk tura ƙofar da ka saita a rautarka a banza ne, domin akwai wata rautar a gabanka wadda ba taka ba.

Hanya mafi sauƙi Tailscale. Ka sa shi a saba, ka sa a wayar kowane yaro da ke nesa, sai su zama kamar a gida ɗaya suke, kuma babu baƙon da zai ga sabar. Bayan ka haɗa ka buga tailscale status ka duba. In ya nuna direct, na'urorin suna magana kai tsaye. In relay ya nuna, ta wata tasha a ƙetare ake zagayawa, kuma hakan yana yawan faruwa idan ɓangarorin biyu duk a layin waya suke. Wasa zai yi nauyi, fim zai riƙa tsaitsayawa.

Hanya ta biyu ka kama ƙaramin VPS, wato sabar haya a intanet, ka ja ramin WireGuard, wato rufaffiyar hanya, daga gida zuwa can, yara su shiga ta adireshinsa. Nan ka lura da inda yake. Daga Legas zuwa Landan da dawowa kusan milisakan 100 ne. Yaron da ke Kaduna zai je Landan, ya dawo Kano wajen sabarka, amsa ta sake bin hanyar, ka ga an haura 200 kafin a ƙara jinkirin 4G. A nemi VPS da ke Legas.

Abu ɗaya da babu sassauci a kansa: ƙofar Samba, 445, ba ta fita waje ko ta wace hanya. Ta nan WannaCry ya bi a 2017. Kuma a sani Docker yana rubuta dokokinsa a gaban na ufw, manhajar da ke rufe ƙofofi, ƙofar da ka wallafa a kwantena a buɗe take ko da ufw ya ce a rufe. A gida bayan CGNAT ba za ka ji a jikinka ba, amma a VPS za ka ji.

Auta:
Yayyena ku ba ni dama a kan wasan. Tambayar farko, da me yaran suke bugawa? In wayoyi ne, Bedrock ke nan, ƙofarsa 19132 ta UDP. In kwamfuta ce da Java, 25565 ta TCP. Ba sa shiga sabar juna haka kawai. In a gauraye suke, a sa Paper, wata manhajar sabar Java, a ƙara masa Geyser da Floodgate, masu waya su shigo sabar Java. In duk waya ce, sabar Bedrock ta Mojang ta fi sauƙi kuma ba ta cin RAM kamar Java.

A ɗauka Paper ne. Kowace siga da Javar da take buƙata, amma hoton itzg/minecraft-server yana zuwa da ita, ka ba shi EULA=TRUE da TYPE=PAPER da MEMORY=4G. Mutum takwas ba tare da tarin mod, wato ƙare-ƙaren wasa, ba, 4GB ya isa. Kada a ce tunda akwai RAM a ba shi 10GB, ba ya ƙara gudu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa iyakar kwantena daidai da abin da aka ba Java. Java tana cin wani abu a wajen wannan adadin, to in ka ba ta 4G ka sa mem_limit 6g. In ka sa 4g, tsarin zai kashe ta ana tsakiyar wasa ba tare da ta ajiye komai ba, ka duba rajista ba ka ga dalili ba sai lambar fita 137.

Sabar tana bugawa sau 20 a daƙiƙa, wato kowane bugu yana da milisakan 50 ya gama lissafinsa. Da ya wuce haka sai a ga dabbobi suna tsalle, bulo ya dawo bayan an fasa shi. Abin da ya fi jawo wannan shi ne ƙirƙirar sabuwar ƙasa lokacin da yara suka bazu kowa ya nufi gabasarsa. Maganinsa a sa Chunky ya ƙirƙiri fili tun kafin su shigo, kamar bulo 3000 kowace kusurwa, a bar shi ya kwana yana yi, sannan a sa iyakar duniya a nan. A server.properties a sa view-distance 8, simulation-distance 5 ko 6. In har yanzu yana cijewa, spark zai nuna abin da ke cin lokacin, sau da yawa gonar kaji ce ko ƙauyawan cikin wasan ɗari da wani ya tara a rami ɗaya.

Foldar duniyar a kan SSD za ta zauna. Kada ta kusanci babban faifai. Wasan ƙananan rubutu yake yi barkatai ba tsayawa, in ya haɗu da mai kwafe fim na 20GB a faifai ɗaya, allurar faifan ce za ta riƙa kai-komo tsakaninsu, yara su yi ta ihu.

Baban Hanif:
Na gode ƙanena. Biyu daga cikinsu ba su sayi wasan ba, an ce in na kashe online-mode za su iya shiga.

Auta:
Za su shiga, Yaya, amma da ka kashe shi sabar ta daina tantance kowa. Duk wanda ya rubuta sunanka ya zama kai, har da ikon op ɗinka na mai gudanarwa, kuma whitelist, jerin sunayen waɗanda aka yarda su shiga, ba ta da amfani tunda suna kawai take dubawa. A bar shi true, a kunna whitelist. In kuɗin ne matsala akwai Luanti, wanda a da ake kira Minetest, kyauta ne a waya da kwamfuta, sabarsa ma ta fi sauƙi. RCON kuma, ƙofar aika wa sabar umarni, 25575, kada a wallafa shi waje da kwantena.

Mai Sola:
Duk kun yi magana mai kyau, amma wuta ce za ta fara kashe wannan aikin, ba ɗan kutse ba. A yi lissafi. Akwatin nan da faifai biyu suna juyawa zai zauna wajen wat 25 zuwa 30 in ba ya aikin komai, ya haura 60 ko fiye in an matsa masa. A ɗauki 30. Sau awa 24 ya zama 720Wh a rana, kusan yunit 22 a wata. Ƙara rauta da suwic, wat 10 zuwa 15. Batir mai ruwa na 12V 200Ah yana da 2400Wh a rubuce, rabi ake ci in ana so ya yi ƙarko, saura 1200. Inbata ita kanta tana shan nata ko ba a jona komai ba, manya sukan sha wat 30 zuwa 50. To in babu sola mai cika batir da rana, sabar nan kaɗai za ta cinye rabin abin da gida yake dogara da shi da dare.

Na biyu, lokacin sauyawa. Fawa-fak na kwamfuta yana iya riƙe kansa kamar milisakan 16 bayan wuta ta yanke. Inbata da ke yanayin UPS tana sauyawa cikin 10, lafiya lau. Wadda aka bari a yanayin kayan gida tana kai 20 ko fiye, sai ka ga fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba amma saba ta sake tashi. A duba wannan saitin. Kuma inbata ta zama mai tsaftatacciyar igiyar wuta, pure sine, domin fawa-fak ɗin waɗannan injinan ba ya jituwa da ɗaya nau'in.

Ƙaramin UPS mai 650VA batirin 12V 7Ah ne a cikinsa. Kada a lissafa masa fiye da awa guda, kuma yana son awoyi kafin ya sake cika. Aikinsa ya ba saba lokacin rufe kanta cikin mutunci. A sayi mai ramin USB na bayanai, a sa NUT, manhajar da ke sa ido a kan UPS, a ce masa in an yi minti biyar a kan batir ya kashe injin.

Mai Gyara:
Ƙari a kan na Mai Sola. A danna F10 a shiga BIOS, a nemi After Power Loss a mai da shi Power On, don ta tashi da kanta in wuta ta dawo. Amma akwai tarko. In NUT ya kashe ta, sannan NEPA ta dawo kafin batirin UPS ya ƙare, ita kwamfutar ba ta taɓa ganin wuta ta yanke ba, don haka ba za ta tashi ba. Dole a saita NUT ya umarci UPS ya yanke fitarsa bayan rufewa, ya dawo da ita in wuta ta zo. In UPS ɗin bai iya wannan ba, sai a kunna Wake-on-LAN a riƙa tashinta daga waya.

Zafi kuma. A watan Afrilu ɗaki yana haura digiri 38, faifai biyu a matse a ƙaramin akwati za su wuce 50. A yi ƙoƙari su tsaya ƙasa da 45. Fanka ƙarama mai milimita 80 a gaban gurbin tana sauke su sosai. Kada a sa akwatin a cikin kabad ko a ƙasa kan siminti, a ɗora shi a kan tebur inda iska ke wucewa. Lokacin hunturu a buɗe shi duk wata a hure ƙura da bulowa, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Man firosesa ma a canza shi, na injin da ya shekara shida ya bushe ya zama gari.

Baban Hanif:
Akwai sola da inbata, alhamdu lillahi, zan duba yanayin da take. To faifan biyu fa, RAID zan yi, wato in haɗa su su zama ɗaya?

Injiniya:
Madubi da tsarin fayil na ZFS. Faifai biyu masu 4TB su ba ka 4TB, ɗaya ya mutu aiki ya ci gaba. Abin da ya sa na zaɓe shi a wurin da wuta ke yawan yankewa, ba ya rubutu a kan tsohon bayani, sabon wuri yake rubutawa sannan ya nuna can, don haka yankewar wuta ba ta barin tsarin fayil a rabi. Yana kuma da lambar tantance kowane gutsure, in ɗaya faifan ya ruɓar da wani abu zai gyara daga ɗayan. Ka haɗa shi da sunayen da ke /dev/disk/by-id, ba sda da sdb ba, waɗannan suna musanya wuri. Ka sa ashift=12 da compression=lz4, ka yi scrub, wato binciken duk abin da ke faifan, sau ɗaya a wata.

Sai ka ɗaure masa ciki. ZFS yana ajiye abin da aka karanta a RAM, in ba a sa masa iyaka ba zai kwashe rabi ko fiye. Yana saki in an nema, amma ba koyaushe da saurin da Java take so ba. A /etc/modprobe.d/zfs.conf ka rubuta options zfs zfs_arc_max=4294967296, wato 4GB. Rabon ya zama 6 na Minecraft, 4 na ZFS, kamar 2 na Jellyfin, 2 na tsarin da Samba, 2 a bar su sarari.

Ɗan Damagaram:
A nan ma ina da ja. Fina-finai ba su cancanci madubi ba. Abin da za a iya sake samowa, me ya sa za a biya masa faifai biyu? Takardu da hotunan gida da wuya su kai 500GB. Ni a ganina faifai ɗaya ya ɗauki komai a ext4, na biyun ya zama wurin kwafi, restic ko rsync ya kwafe muhimman foldodi can kowane dare. Madubi ba ya ceton wanda ya goge folda da kuskure, gogewar a take take shiga duka biyun. Haka in kwamfutar wani ta kamu da cutar da ke kulle fayiloli ta bi ta Samba.

Injiniya:
Shi ya sa ake ɗaukar sinafshot, wato hoton yadda fayiloli suke a wani lokaci. Sanoid zai ɗauka duk awa, ya riƙe na kwana 30, kuma ta Samba ba a iya taɓa su. In ka ƙara shadow_copy2, mai Windows zai danna dama a kan folda ya ga tsofaffin sigoginta ya dawo da abinsa da kansa. Amma na yarda da rabin maganarka, madubi da sinafshot duk a akwati ɗaya suke. Tsawa ɗaya, ko wuta mai ƙarfi da ta shigo, ko ɓarawo, duk sun tafi tare. Dole a sami faifai na uku na USB, a kwafe hotuna da takardu a kai duk mako ko biyu, a cire shi a kai wani gida. Kuma lokaci-lokaci a buɗe shi a dawo da fayil ɗaya a gani ko yana buɗuwa.

Wanda ya bi hanyar ext4, ya sa UUID da nofail a fstab, sannan ya yi chattr +i a kan foldar da ake ɗora faifan tun tana fanko. In ba haka ba, ranar da faifan bai hau ba, kwafin dare zai zuba a kan SSD ya cika shi, Jellyfin kuma ya ga ɗakin fim babu komai ya share bayanan da ya tara.

Maman Ilham:
Batun Samba a taƙaice. Kowa a ba shi sunansa da smbpasswd -a, kada a dogara da shigar baƙo, sababbin Windows 11 suna ƙin ta. A yi rukuni ɗaya na gida, a sa force group da create mask 0664 da directory mask 2775, don abin da ɗaya ya ajiye ɗaya ya iya gyarawa. SMB1 a bar shi a kashe.

Saba da waya ake jona ta, ba Wi-Fi ba. Gigabit yana ba da wajen 110MB a daƙiƙa. In ka ga kwafi ya tsaya a 11, layin ya faɗo 100Mbps, ka duba da ethtool. Ko dai ɗaya daga cikin silli takwas bai kama a kan RJ45 ba, ko wayar alminiyon ce da aka shafa wa jan ƙarfe, ko kuma ramukan rautar ne iyakarsu ke nan, wanda haka yawancin rautocin sim suke. Suwic na gigabit mai rami biyar ya raba gardama. A kuma ɗaure wa sabar adireshi ɗaya a DHCP, kada ta tashi gobe da wani talabijin ya neme ta ya rasa.

Baban Hanif:
Wani ya ce min Plex ya fi Jellyfin kyau a talabijin.

Injiniya:
Manhajarsa ta fi samuwa a talabijin iri-iri, wannan gaskiya ne. Amma juya bidiyo da Quick Sync a Plex sai da Plex Pass, kuma tun Afrilun 2025 kallo daga wajen gida ma sai an biya. Shigarsa kuma ta asusun kamfanin take bi, ranar da data ta ƙare sai ka iske fim yana ɗakinka amma an hana ka, sai in ka riga ka saita adiresoshin gida su wuce ba tambaya. Jellyfin ba ya neman kowa a waje. In talabijin ɗinka ba shi da manhajarsa, ɗan akwatin Android TV ko Fire TV Stick ya wadatar.

Ga abin da za ka sa a kwantenar. Ka miƙa mata /dev/dri, ka buga getent group render ka ɗauki lambar ka sa a group_add, in ba haka ba za ta ga na'urar amma ba za ta iya taɓa ta ba. Foldar fim ka jona ta da :ro don karatu kawai. Foldar saiti da ta juyi a kan SSD. A shafin gudanarwa, ƙofa 8096, ka zaɓi QSV, wato Quick Sync, ka yi alama a H.264 da HEVC da HEVC 10bit da VP9. Kada ka yi wa AV1 alama, sai ƙarni na 11 Intel ya fara karanta shi. Ka kunna fim ka rage ingancinsa da gangan, ka duba intel_gpu_top. In layin Video yana motsi, aiki ya yi. In firosesa ce ta haura sama, bai kama ba, kuma ranar da mutum biyu suka kunna fim yara za su ji a wasansu.

Abin da ke jawo juyi ba dalili guda uku ne galibi. Fassarar ƙasan allo irin PGS, wadda hoto ce, dole a ƙona ta cikin bidiyon, alhali SRT rubutu ne ba ya buƙatar komai. Sautin DTS ko TrueHD da talabijin bai sani ba, wannan mai sauƙi ne. Sai 4K mai HDR da aka kunna a waya, shi ne mafi nauyi. In fayilolinka 1080p ne a H.264 da sautin AAC, kusan komai zai kunna su kai tsaye.

Maman Ilham:
Kallo daga nesa kuma a yi lissafin data. Awa biyu a 4Mbps 3.6GB ne, kuma sau biyu ake biya, rautar gida ta aika, wayar mai kallo ta karɓa. A sa wa masu kallon waje iyakar 2 ko 3Mbps a saitin Jellyfin. In ba haka ba mutum ɗaya zai cika hanyar aikawar 4G, yaran da ke wasa daga nesa su yi ta faɗowa.

Ɗan Damagaram:
Fina-finan Hausa da karatun malamai kada a zuba su a ɗaki ɗaya da na ƙetare. Jellyfin daga TMDB, shafin bayanan fina-finai, yake ɗauko suna da hoto, da yawan namu ba sa can, sai ya laƙa wa fim ɗin Kano hoton wani fim ɗin Indiya mai kama da sunansa. A buɗe musu ɗaki daban a kashe masu ɗauko bayanai, a sa hoto mai suna poster.jpg a foldar kowanne. Tafsiri da wa'azi na sauti a sa su a ɗakin littattafan sauti ko na kiɗa, folda ɗaya ga kowane malami, fayiloli da lamba 001, 002, don su jeru daidai.

Auta:
Injiniya, ayyukan Jellyfin na bayan fage fa? Ciro hotunan babi da na trickplay, waɗanda ake gani in ana tura fim gaba, suna cin firosesa sosai.

Injiniya:
A mai da su ƙarfe uku na dare a jadawalin ayyuka, kuma kada su haɗu da daren scrub. Sannan a sa wa kwantenar Jellyfin cpus: 3. Minecraft a bar shi ba iyaka, shi ne mai gaggawa, Jellyfin ake ɗaurewa.

Baban Hanif:
Allah ya saka da alheri, na rubuta duka. Saura ɗaya, duniyar wasan da ke kan SSD ita kaɗai, ya zan yi kwafinta? In ta ɓace yaran nan ba za su yafe min ba.

Auta:
Kada ka kwafe ta haka nan sabar tana rubutu, za ka sami fayilolin yanki rabi tsoho rabi sabo. Ta RCON ka aika save-off, sannan save-all flush, ka kwafe foldar zuwa babban faifai, ka aika save-on. Kwantenar itzg/mc-backup tana yin wannan da kanta, ka ce mata duk awa shida, ta riƙe na kwana bakwai. Ka haɗa da foldar plugins a cikin kwafin, kada ka ɗauki world kaɗai.

Sannan Docker daƙiƙa 10 kawai yake jira in an ce a rufe, daga nan ya kashe da ƙarfi. Paper yana iya wuce haka wajen ajiye duniya. Ka sa stop_grace_period: 1m a kwantenar, kuma minti biyar ɗin da Mai Sola ya ce a ba NUT ka tabbata batirin yana da sauran da zai ɗauki wannan jiran. Ka gwada tun yara ba su fara gini ba: zare filogin UPS daga bango, ka zauna ka ga ta rufe kanta, ka mayar, ka ga ta tashi kuma kwantenonin uku sun dawo. In ɗaya bai dawo ba, restart: unless-stopped ne ba ka sa masa ba.